Baƙon da ya zo da gadonsa da tukunyarsa

A arewacin Sikotland akwai wata hanya mai tsawon mil 516, da ke tashi daga birnin Inverness, ta bi gaɓar teku ta zagaye, ta dawo inda ta faro. Titunan sun daɗe a wurin. Abin da aka yi a 2015 shi ne aka raɗa musu suna ɗaya, North Coast 500, aka shiga tallata su a duniya. Ƙungiyar North Highland Initiative, wadda Sarki Charles ya kafa tun yana yarima, ita ta fito da dabarar, don a jawo kuɗin masu yawon buɗe ido zuwa yankin da matasansa ke ta ƙaura. Talla ta karɓu fiye da zato, musamman lokacin korona da aka hana fita ƙasashen waje. Sai dai baƙi masu yawa sun zo ne cikin motar nan mai ɗaki, wadda ke ɗauke da gado, murhu, firiji da bayan gida.

Na san abin da ke jan mutane. Otal-otal a can ba su da yawa, kuma da bazara sai wanda ya kama ɗaki tun da wuri. Mai motar kwana kuwa ba ruwansa da wannan. Inda rana ta faɗi masa nan ne gida. Amma a ganina daɗin nan shi ne aibin abin. Fataken goro da ke zuwa Gwanja a da, in sun isa zango, dole su nemi mai masauki, su ci abincin garin, su biya. Buƙata ce ke haɗa baƙo da ɗan gari. Wanda ya cika firijinsa a babban kanti a Inverness kafin ya kama hanya ya yanke wannan igiya. Zai ratsa ƙauye goma bai gaisa da kowa ba, bai sayi ko burodi ba.

Kada a ce ba ya kashe kuɗi. Yana kashewa, a masana'antun barasa. Jerin da ake yaɗawa kusan ɗaya ne: Glenmorangie a Tain, wadda ke tace wuski tun 1843, sai Old Pulteney a Wick, tun 1826, sai gidan giya na Black Isle kusa da Inverness. Ni ba mashayi ba ne, ba kuma zan yi wa barasa talla ba, amma akwai abin dariya a nan. Tun Disamban 2014 Sikotland ta rage yawan barasar da aka yarda a samu a jinin direba daga miligiram 80 zuwa 50 cikin mililita 100. Saboda haka mai tuƙi ya sha tafiya don ya ɗanɗana, ya iso a nuna masa tukwanen tagulla da gangunan katako, sannan a zuba masa nasa rabon a 'yar kwalba ya tafi da shi mota. Ita kanta Wick, mutanenta sun taɓa kaɗa ƙuri'a suka hana sayar da barasa a garin daga 1922 har 1947. Labarin garin kenan da ya fi abin da ke cikin kwalbar daɗi, amma mai sauri ba ya zama ya ji shi.

Saurin shi ne ciwon. An sa wa hanya lamba, sai ta koma abin da ake "gamawa". Dubi kogon Smoo da ke Durness: bakinsa ya kai mita 40 a faɗi, teku ce ta sassaƙe gabansa, ruwan rafi ya rarake cikinsa, har yanzu rafin yana zubowa daga rufin zuwa wani tafki a ciki. Ana shiga zauren farko kyauta. Mutum ya sauka, ya ɗauki hoto, ya koma mota, don akwai sauran mil a gaba.

Abin da yake bari a baya kuma, 'yan gari ne ke ɗauka. Da yawa cikin titunan layi ɗaya ne, da ɗan faɗi nan da can don a ba juna hanya. Wasu baƙin a nan suke yin fakin su kwana, ma'aikaciyar jinya ko manomi na biye da su a rasa wurin wucewa. A hawan Bealach na Bà mai zuwa Applecross, da ya kai tsayin mita 626, akwai allo da ke gargaɗin manyan motoci, duk da haka ana hawa. Mazauna sun sha kokawa kan zubar da ƙazantar bayan gidan mota a bakin hanya. Wasu masu motocin suna fakewa da dokar 2003 da ta ba jama'a 'yancin yawo da kafa tanti a filaye, alhali dokar ba ta haɗa da mota ba. A ƙarshen 2024 mawallafan littattafan jagorar tafiye-tafiye na Fodor's suka sa hanyar cikin wuraren da suke ba matafiya shawarar su ɗaga musu ƙafa.

Hukumar yankin Highland ta fito da takardar izini ta fam 40 ta kwana bakwai ga masu irin wannan mota a 2024, amma ta ce ganin dama ne. Wa zai biya abin da aka ce in ya so? A mayar da ita dole, a karɓa tun a wurin hayar motar, a zuba kuɗin wajen gina bayan gida, wuraren zubar da ƙazanta da cike ramukan titi a Durness da Applecross.