Kura a Gaban Kyamara: Bitar Littafin Hotunan Pieter Hugo

A shekarar 2005 mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya iso wata unguwar talakawa a bayan garin Abuja, inda ɗan jarida Adetokunbo Abiola ya haɗa shi da wani ayarin gardawa masu wasa da kura da gwaggon biri da mesa. Ya yi ta bin su yana ɗauka, ya sake dawowa a 2007, a shekarar kuma aka buga littafinsa, The Hyena & Other Men. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci lambar farko a ɓangaren hoton mutum a gasar World Press Photo ta 2006.

Abin da ya fi burge ni shi ne Hugo bai bi hayaniyar dandali ba. Ba ganga, ba taron 'yan kallo, ba kirari. Ya tsai da gardi da dabbarsa a fili, a ƙarƙashin gada ko gefen ginin da ba a gama ba, hazo ya dusashe launin komai. Da haka ido yake samun sukunin ganin kayan aikin. Dubi hoton kurar da ake kira Mainasara: takunkumin igiya saƙaƙƙe ya rufe bakin ruf, sarƙa mai kauri a wuya, gardin ya naɗe ta a hannu, ya rage tsawonta yadda kurar ba za ta samu filin zabura ba, sanda kuma tana kusa. Haƙoran kura suna farfasa ƙashin saniya, saboda haka babu ɗaya cikin waɗannan da aka sa don ado. Duk daraktan da ke shirin shigar da dabba fim ɗinsa zai ga darasi a nan: dabba ɗaya, mai kula ɗaya da ta saba da shi, sannan tazara tsakaninta da kowa.

Wani alherin littafin shi ne ya ba mutanen martabarsu. A ƙarƙashin hotunan akwai sunan gardi da sunan dabbarsa, ba a mai da su abin ban tsoro marar asali ba. Masu neman abinci ne da sana'ar gado, suna wasa suna sayar da magani. Hugo da kansa ya koka cewa Turawa sun fi tambayarsa lafiyar dabbobin, ba su damu da talaucin da ya sa masu su yawo da su ba. Gaskiya ya faɗa.

Sai dai tambayar tasu ma tana da gurbi, kuma nan ne littafin ya rage mana. Takunkumi da sarƙa mutane suke karewa. Wa ke kare kura? Dabba ce da ta fi walwala da dare, ga ta a tsakar rana kan kwalta. Hotunan ba su kai mu wurin ciyarwa da shayarwa da hutu ba. Tun tuni Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Masana'antar fim ta Amurka sai da ta yi asara kafin ta farga. A fim ɗin Jesse James na 1939 an tura doki daga kan dutse ya faɗa ruwa ya mutu, daga 1940 ƙungiyar American Humane ta fara sa ido a wuraren ɗaukar fim. Mu ma dawaki da raƙuma suna ƙara yawa a finafinan tarihi, irin su Amina na 2021 da Mai Martaba na 2024, don haka maganar ta iso ƙofarmu.

Ina ba masu shirya fim na Kano da Abuja shawara su nemi wannan littafi su yi masa kallon natsuwa. Su ɗauki ƙwarewar gardi wajen riƙe dabba, su ƙara abin da hotunan suka rasa: likitan dabbobi a wurin aiki, ruwa da inuwa, ƙayyadadden lokacin ɗauka, da ikon mai kula ya tsai da aiki idan dabbarsa ta gaji. Amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu.