Mabuɗin Wasan Sarki Odifus na Sofokilis

Wasan kwaikwayo na ban tausayi, wato wanda tauraronsa ke faɗowa daga ɗaukaka zuwa halaka, ya bunƙasa ne a birnin Atens na ƙasar Girka a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Sarki Odifus na Sofokilis, wanda ake kyautata zaton an fara nuna shi wajen shekara ta 429, yana cikin waɗanda masanin falsafa Aristotal ya fi kafa hujja da su a nazarinsa na adabi. Sofokilis bai buɗe wasan da haihuwar Odifus ba, bai kuma nuna kisan mahaifinsa ko auren mahaifiyarsa ba, domin duk wannan ya auku shekaru masu yawa kafin a fito dandali, kuma 'yan kallo sun riga sun san labarin.

Abin da aka fara gani shi ne mutanen birnin Tibis, yara da tsofaffi, zaune a ƙofar fada suna neman ceto daga annobar da ta kashe amfanin gona da dabbobi, ta hana mata haihuwa lafiya. Sarkin da ya fito gare su ba azzalumi ba ne: mai tausayi ne, mai hanzari, wanda tun kafin a roƙe shi ya riga ya aiki surukinsa Kiriyon wurin tsafin Delfi ya binciko dalilin masifar. A nan gwanintar marubucin take, don kuwa halayen da ake yabon Odifus da su a wannan fitowa su ne za su kai shi ƙasa. Da Kiriyon ya dawo, ya nuna ana iya shiga cikin gida a yi maganar a keɓe, amma Odifus ya nace a faɗe ta a bainar jama'a, aka kuwa ji cewa sai an kori ko an kashe wanda ya kashe tsohon sarki Layus, wato mahaifin Odifus, kafin annobar ta gushe. Daga nan ba shi da sauran damar rufa wa kansa asiri, kuma la'anar da ya yi wa makashin bayan shigowar 'yan amshi, wato dattawan gari masu waƙa da sharhi, kansa ta faɗa, 'yan kallo na sane, shi bai sani ba.

Marubuci Ola Rotimi, da ya sake gina labarin a ƙasar Yarabawa a 1968, ya fara ne da haihuwar jaririn da hasashen boka cewa zai kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa. Hakan ya sauƙaƙa fahimta, amma mabuɗin Sofokilis ya fi ƙarfi, domin ya mayar da mai laifin alƙalin shari'ar kansa tun daga fitowa ta farko.