Faɗuwa Uku Kafin Tashi: Sharhi Kan Littafin Liftoff na Eric Berger

A yau harba roka ya kusa zama abin yau da kullum. A shekarar 2024 kaɗai kamfanin SpaceX ya harba rokokinsa samfurin Falcon sama da sau 130, wasu ɗauke da taurarin ɗan'adam, wasu da kaya, wasu da 'yan sama jannati. Mu ma abin ya iso ƙofarmu, domin a watan Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka fara amfani da intanet na Starlink. Saboda haka idan aka rubuta tarihin yadda wannan kamfani ya faro, muna da haƙƙin mu karanta, mu kuma tambaya: wa aka yaba, wa aka manta?

Littafin da muke magana a kansa shi ne Liftoff, wanda Eric Berger, ɗan jarida a mujallar Ars Technica, ya wallafa a 2021. Bai ɗauko labarin SpaceX gaba ɗaya ba. Ya tsaya ne a kan shekarun farko, daga kafa kamfanin a 2002 zuwa 2008, da kuma roka guda, Falcon 1, mai tsawon kusan mita 21, mai inji ɗaya da ke ƙona kananzir da iskar oksijin da aka daskarar ta zama ruwa. Wannan taƙaitawa ita ce hikimar marubucin ta farko. Da ya bi hanyar masu rubuta tarihin attajirai, da ya cika mana shafuka da yarintar Elon Musk. Sai ya kai mu Omelek, wani ɗan tsibiri a rukunin Kwajalein da ke Tsibiran Marshall a tsakiyar tekun Fasifik, inda kamfanin ya koma bayan da ya gaji da jiran izinin harbi a sansanin sojan sama na Vandenberg a Kalifoniya.

Ginshiƙin littafin harbi huɗu ne, uku daga ciki faɗuwa ce. A ranar 24 ga Maris 2006 rokar farko ta kama da wuta, injinta ya mutu bayan kusan rabin minti. Da farko an ɗora laifin a kan ma'aikata, aka ce ba su ɗaure wani noti da kyau ba. Bincike ya nuna daga baya cewa iskar teku mai gishiri ce ta cinye notin, wanda aka yi da alminiyam, har mai ya tsiyaye. A Maris 2007 ta biyu ta kai sararin samaniya, amma man da ke cikin sashenta na sama ya riƙa tangal-tangal a tanki har rokar ta fara juyi, injin ya rasa mai. A Agustan 2008 ta uku ta tashi lafiya, sai dai bayan an kashe injin sashen ƙasa, ɗan ragowar ƙarfin da ya saura a cikinsa ya tura shi ya bugi sashen sama jim kaɗan da rabuwarsu. Jira na 'yan daƙiƙu kawai ya kamata a ƙara tsakanin kashe inji da rabuwa.

A nan ne muke ganin ƙarfin alƙalamin Berger. Ya bayyana kowace matsala yadda wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba zai gane, kuma ya mai da bayanin fasaha ya zama shi ne abin da ke sa gaban mai karatu faɗuwa. Ba ya buƙatar ƙirƙiro mugu a labarin. Tsatsa, gishiri da ƙarancin lokaci sun wadatar. Babi mafi riƙe numfashi shi ne na jigilar roka ta huɗu a cikin jirgin soja samfurin C-17. Da jirgin ya fara sauka a Hawaii, matsin iska a cikinsa ya ƙaru fiye da na cikin tankin rokar, sai jikinta ya fara lotsewa kamar gwangwanin da aka taka, ma'aikata suna zaune a gefenta. Suka gyara ta a tsibirin cikin 'yan kwanaki, ranar 28 ga Satumba 2008 ta shiga zagayen duniya, ta zama roka mai amfani da ruwan mai ta farko da wani kamfani mai zaman kansa ya ƙera ta kai wannan matsayi.

Abu na biyu da ya burge mu shi ne yadda aka raba yabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma littafin ya san da haka. Mun haɗu da Tom Mueller wanda ya tsara injin Merlin, da Gwynne Shotwell wadda ta riƙa sayar da tafiye-tafiyen rokar da ba ta taɓa tashi ba, da Hans Koenigsmann, da Anne Chinnery, da Bulent Altan, injiniya daga Turkiyya da ke dafa wa abokan aikinsa abinci a tsibirin. Har labarin ranar da ma'aikatan Omelek suka ajiye aiki saboda abinci ya ƙare, sai da aka aiko musu da kaza da sigari ta jirgi mai saukar ungulu, marubucin bai ɓoye ba.

To amma a daidai wannan wuri ne ƙorafinmu ya fara. Berger ya kawo labarin yunwa, da aikin dare da rana, da iyalan da aka bari a gida wata da watanni, da mutanen da aka ɗora wa laifin da ba nasu ba. Sai dai kusan kowane lokaci yana kawo su ne a matsayin kuɗin da ake biya kafin a kai ga ɗaukaka. Tun da mun san ƙarshen labarin nasara ce, kowace wahala sai ta koma abin alfahari. Tambayar da ba a matsa ba ita ce: da ta huɗu ma ta faɗi, me za mu kira wannan salon tafiyar da ma'aikata? Yawancin muryoyin littafin na waɗanda suka ci ribar tafiyar ne, suna waiwaye bayan shekaru. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai sharhi ba zai tsaya a bakin mai waƙa kaɗai ba.

Ƙorafi na biyu ya shafi kalmar 'yan kasuwa. Hoton da ke zama a zuciyar mai karatu shi ne na mutum ɗaya da ya zuba kusan dala miliyan 100 daga abin da ya samu a cinikin PayPal, ya tsaya a bakin tsiyacewa. Wannan gaskiya ne. Amma filin harbin na rundunar sojan Amurka ne. Kayan da rokar farko ta ɗauka tauraro ne da ɗaliban makarantar sojan sama suka haɗa. A 2006 hukumar NASA ta ba kamfanin yarjejeniyar dala miliyan 278, sannan a Disambar 2008 ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6 don kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sau 12. Berger ya faɗi duk waɗannan, ba mu zarge shi da ɓoyewa ba. Matsalar ita ce nauyin da aka ba kowane ɓangare: jarumtar mutum ta samu babi-babi masu zafi, kuɗin talakawa masu biyan haraji kuwa suka zo kamar ruwan sama da ya sauka a kan kari. Matashin da ya karanta a Kano ko Zinder zai iya tashi da tunanin cewa zuciya da naci kaɗai ke kai roka sama. Akwai gwamnati mai saye, da jami'o'i, da ilimin da aka tara tun zamanin Apollo.

Ƙorafi na uku shi ya fi damun mu. Omelek a littafin dandali ne kawai: zafi, gishiri, kwakwa da nisa. Alhali ƙasar tana da masu ita. Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya 67 a Tsibiran Marshall. An kwashe mazauna wasu tsibiran Kwajalein don a samu filin gwajin makamai masu linzami, dubbai suna zaune a cunkushe a tsibirin Ebeye, daga nan wasunsu ke shiga jirgin ruwa su je aiki a sansanin soja. Wannan tarihi shi ya sa aka samu wurin da babu kowa da za a harba roka. Mu da muka saba ganin ƙasashenmu a littattafan wasu a matsayin fili mara mutane, ba za mu wuce wannan shiru ba tare da mun nuna shi ba.

Duk da haka muna ba da shawarar a karanta Liftoff, musamman marubutanmu. Adabinmu na zamani ya ƙware a labarin soyayya da zaman gida, amma bai cika shiga garejin makaniki ko ɗakin gwaji ya tsaya a kan aikin kansa ba. Kuma ba labari muka rasa ba. A watan Yunin 2017 rokar Falcon 9 ta ɗauki ƙananan taurari da suka haɗa da NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ke da hannu a ciki, da GhanaSat-1 na Gana. Akwai ɗalibai a bayan waɗannan, akwai kwanan zaune, akwai kurakurai. Berger ya nuna cewa noti guda mai tsatsa zai iya ɗaukar babi sukutum idan marubuci ya fahimci aikin. Mu ɗauki wannan daga gare shi. Idan kuma muka zo rubuta namu, mu tambayi wanda aka sallama daga aiki, mu tambayi wanda ya biya kuɗin, mu kuma tambayi masu ƙasar da aka tsaya a kai aka yi harbin.