Kowane Kilas Da Garinsu

Wata ɗabi'a tana yaɗuwa tsakanin matasanmu masu koyon rubuta manhaja a nan Takur, musamman waɗanda ke gina kompaila a kan Java don ɗan harshen da suka ƙirƙira. Kilas-kilas ɗin da shiri zai dogara da su yayin da yake aiki, irin su Jeri da Lamba da Rubutu, sai a zube su haka nan babu fakej, wai don a rage wahala. Ni kam ban goyi bayan haka ba.

Na san abin da ke jan su. Suna gajere ne, Class.forName ya loda shi nan take, ranar gwaji komai ya tafi sumul. Amma rigimar tana jiran ranar da wani zai rubuta shiri da harshenka, shi ma ya raɗa wa nasa kilas ɗin Jeri. Injin Java bai san naka da nasa ba. Wanda ya fara cin karo da shi a jerin wuraren nema, shi zai loda. Sai shiri ya faɗi da NoSuchMethodError, bawan Allah ya kwana yana laluben kuskure a rubutun da lafiyarsa lau.

Ga kuma ƙa'idar Java kanta. Tun daga Java 1.4 a 2002, kilas mai fakej ba ya iya shigo da marar fakej, kuma tsarin modul da ya zo da Java 9 a 2017 bai yarda modul mai suna ya ƙunshi irinsu ba. Ranar da aikinka ya girma, sai ka warware shi tun daga tushe.

Malaman makarantun kwana na da sun san maganin abin. In Ali biyu suka haɗu a aji, sai rajista ta ce Ali Ringim da Ali Birnin Kudu, a huta. Haka manyan harsuna suka yi: Clojure ta tara nata a clojure.lang, Scala a scala.runtime, JRuby a org.jruby. Ko String da kowa ke rubutawa, cikakken sunansa java.lang.String ne, kompaila ce ke cike ragowar.

To, ƙannena, ku yi koyi da su. Mai amfani da harshenku ya rubuta Jeri kawai, amma kompailarku ta fitar da cikakken suna, ta kuma loda shi da cikakken suna. Nauyin raba sunaye yana wuyan mai gina harshe, kuma ya fi sauƙin ɗauka tun kilas ɗin ba su yi yawa ba.