Zanen Kwarara da Adon Ɗakin Bahaushe: Nazari daga Ƙasar Kazaure

Adon gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan siminti magina sukan yi wa soro da zaure zayyana sa'ad da ƙasa take ɗanya, su fid da dagi da sauran siffofi, sa'an nan a shafe bango da makuba, wadda a kan samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa da farar ƙasa. Mata su kuma adonsu jere ne, na ƙorai da fayafai da fari, daga baya na tasoshi da kwanuka. Haka al'adar take a Kazaure, masarautar da Ɗan Tunku ya kafa a zamanin jihadi, da Roni da Gwiwa da ke ƙarƙashinta, da maƙwabciyarsu Ɓaɓura ta ƙasar Ringim. Amma da ginin bulo ya yawaita, sai bango ya zauna fili, ba abin da ke kansa sai kalanda, ko hoton Ka'aba, ko aya cikin gilashi. A wannan giɓi ne ya kamata a auna wata sana'a da ta bazu a duniya ta hanyar YouTube a shekarun 2010, watau zanen kwarara.

Shi dai wannan zane ba a yinsa da burushi. A kan dama fentin akirilik, wanda ke narkewa da ruwa, har ya yi kaurin kunu, a zuba launuka bisa juna cikin ƙoƙo guda, a kifa a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗaure jikin katako, sa'an nan a riƙa karkata shi fentin yana malala. Launukan ba nauyinsu ɗaya ba. Farin da a ke yi da sinadarin titaniyam ya fi yawancinsu nauyi, saboda haka yakan nutse, marasa nauyi su taso, sai a ga idanu sun ɓullo kamar saƙar zuma. Waɗansu sukan ɗiga man silikon don idanun su yawaita.

Dabarar ta girmi intanet ƙwarai. A 1936 David Alfaro Siqueiros, mutumin Meziko, ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Niyok inda ya riƙa zuba fenti bisa fenti, kuma Jackson Pollock na Amurka yana cikin waɗanda suka halarta. Shi kuwa fentin akirilik mai narkewa da ruwa sai a tsakiyar shekarun 1950 ya shiga kasuwa.

Lalle zanen yana da abin yabo. Na farko, babu siffar mai rai a cikinsa, don haka ba ya kawo ƙyamar da Musulmi da yawa ke yi wa rataye irin waɗannan hotuna a ɗaki. Na biyu, ya dace da son launi mai haske da aka san matan Hausawa da shi wajen jere. Na uku, ba ya bukatar shekarun da yaron magini ke yi yana kwaɓa ƙasa kafin a bar shi ya taɓa zayyana.

To, amma a wannan sauƙi ne cikas ɗin yake. Ado a wurin Bahaushe aikin niyya ne. Wanda ya dubi bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya, da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, ya san babu layin da ya faɗa wurinsa bisa kuskure. Mai kwarara kuwa, in bai ƙware ba, fenti ne ke jansa. Abin da ya fito shi ne rabonsa, kuma da wuya a bambance aikinsa da na wani da ke can wata nahiya.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce duk abin da sa'a ta sa hannu a cikinsa ba fasaha ba ne. Marini shaida ne. Shi ma bai mallaki yadda baba zai ratsa kowane ƙulli ba, amma shi ya zaɓi inda aka ɗaure, shi ya san ƙarfin karofinsa, ya kuma san sau nawa zai tsoma. Da wannan mudu ya kamata a auna mai kwarara: ko ya taƙaita launukansa, ko ya bar wa ido wurin hutawa, ko ya san lokacin da zai daina karkata ƙyallen, ko kuma yana iya maimaita abin da ya yi jiya da gangan. Wanda ya kasa waɗannan, ɓarin fenti ya yi.

Har wa yau akwai batun ƙasa da yanayi. Yawancin misalan da a ke kwaikwayo siffar teku da sararin taurari suke bi, alhali kuwa jar ƙasa, da shuɗin baba, da duhun makuba, da tokar duwatsun Roni sun ishi mai ido. Kuma fenti mai kauri yakan tsage in samansa ya riga ƙasansa bushewa, abin da hunturu ke gaggautawa, ga ƙura da ke manne wa ɗanyen aiki. Wanda bai rufe aikinsa ya bar shi ya sha a hankali ba, ya yi asarar kayansa.

A 1958 waɗansu ɗalibai a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa a karɓi dabarar baƙo, a ɗora ta a kan gadon gida. Hukuncin nan ya hau kan zanen kwarara daidai. In matasan Kazaure da Ɓaɓura suka ɗauke shi da hankalin marini da idon magini, zai cancanci bangon da zayyana ta bari. In kuwa kwaikwayo kaɗai za a yi, to, kalanda ta fi shi amfani, domin ita ko ba komi tana faɗin kwanan wata.