Mister Johnson: Fim ɗin da Aka Ɗauka a Toro, Me Za Mu Je Mu Gani?

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Indiya ya san Sholay na shekarar 1975, ya san duwatsun da Gabbar Singh yake zama da yaransa. Duwatsun nan suna nan a wani gari mai suna Ramanagara, kusa da Bangalore, kuma har yau mutane na zuwa can su ɗauki hoto. To mu ma a Arewa muna da namu irin wannan wuri, sai dai kaɗan ne cikinmu suka sani. Garin Toro ne, a Jihar Bauchi, inda aka ɗauki fim ɗin Mister Johnson da ya fito a 1990.

Daga nan Obi tafiyar ba ta fi ƙarfin mai niyya ba. Ka shiga Lafiya, ka wuce Akwanga, ka haura Hawan Kibo ka faɗa Jos, sannan ka kama hanyar Bauchi ta Tilden Fulani. Amma kafin kowa ya zuba wa mota mai, ya kamata mu tattauna a kan fim ɗin kansa, don wanda ya je Toro bai san abin da aka yi da ƙasar a cikin fim ba, duwatsu kawai zai gani ya dawo.

Asalin labarin littafi ne na Joyce Cary, wanda aka buga a 1939. Cary ya yi aikin mulkin mallaka a Arewa, ya zauna a ƙasar Borgu. Bruce Beresford, mutumin Ostareliya, shi ya ba da umarni, bayan ya gama Driving Miss Daisy da ya ci kyautar Oscar. Pierce Brosnan, wanda daga baya ya zama James Bond, ya fito a matsayin Rudbeck, Baturen mulki na wani gari da ake kira Fada. Maynard Eziashi ya fito a Johnson, akawunsa, har ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Berlin a 1991. Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon Yarabawa, shi ma yana ciki, kuma a 1990 ɗin Allah Ya yi masa rasuwa.

Labarin a taƙaice: Johnson yaro ne ɗan Kudu, mai farar kwat da takalmi, wanda ya ɗauki kansa Bature. Rudbeck kuma ba shi da buri sai ya gina hanyar mota daga Fada zuwa babbar hanyar Kano. Kuɗi suka ƙare, Johnson ya koya masa yadda ake karkatar da kuɗin wani aiki zuwa wani a cikin littafin baitulmali. Da mai binciken kuɗi ya zo ya gano, wa aka kora? Johnson. Ya koma aiki a kantin wani Bature mashayi, Gollup, nan ma aka rabu dutse a hannun riga. Ya dawo ya tara wa Rudbeck ma'aikata, hanya ta kammala, sai aka sake korarsa saboda yana karɓar kuɗin hanya ba da izini ba. Ƙarshe ya shiga sata a kantin Gollup, ya kashe shi, aka yanke masa hukuncin rataya. Ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa, shi kuwa ya harbe shi.

Mu fara da abin yabo, don gaskiya ɗaya ce. Fim ɗin ya iya ɗaukar ƙasa. Jar ƙasa, busasshiyar ciyawa, hasken rani da ƙura, taron mutane da fartanya da kwando suna fasa daji, duk sun fito yadda ɗan Arewa zai gane gida. Eziashi kuma ya yi wasa. Ya ɗauki mutumin da a takarda wawa ne, ya mai da shi wanda kake jin haushinsa kana kuma jin tausayinsa. Sannan fim ɗin bai wanke Bature ba. Rudbeck ya ci moriyar dabarar Johnson, hanya ta zama tasa, laifi ya zama na akawu. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san wannan labari.

To amma ina mutanen gari? Nan ne matsalar take. Fada gari ne na ƙirƙira, an ce yana Arewa, yana da sarki da waziri. Wazirin da aka nuna mana makirci ne kawai sana'arsa, yana sayen asirin ofishin Bature. Sauran jama'a kuwa taro ne: masu haƙa, masu rawa, masu bin bashi. Babu wanda kyamara ta bi shi gida ta ji ra'ayinsa a kan wannan hanya da za ta ratsa gonarsa. Manyan 'yan wasan daga Turai suke ko daga Kudu, zancen da ke ɗauke da labarin kuma da Turanci ake yinsa. Wato an ari ƙasar, an ari fuskokin mutanenta, ba a ari bakinsu ba.

Wannan ƙorafi ya girmi fim ɗin. Chinua Achebe ya karanta littafin Cary yana ɗalibi a Ibadan, ya ƙi yarda cewa Johnson ɗan Nijeriya ne da ya sani, kuma ya sha faɗin cewa wannan na cikin abin da ya tura shi rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Beresford ya gyara wani abu, ya ba Johnson mutunci fiye da yadda littafin ya ba shi. Abin da ya kasa gyarawa shi ne inda aka tsaya ana kallo. Daga barandar Bature ake hango Fada tun farko har ƙarshe.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna unguwar Hausawa. Johnson baƙo ne a Fada. Ya auri 'yar ƙasa, Bamu, ya ci bashin sadaki, bai taɓa zama ɗan gari ba, Turawan da yake bauta wa ma ba su karɓe shi ba. Ranar da ta ɓaci ba shi da kowa. Kakanninmu su ma hanya ce ta kawo su wannan yanki, wasu fataucin gishirin Keana da Awe, wasu malanta, wasu dako da kiwo. Sun zauna da Alago da Migili da Tibi, aka yi ciniki, aka yi auratayya. Abin da ya zaunar da su shi ne girmama mai masauki da riƙon amana a ciniki. Johnson ya jingina da mai iko ya raina maƙwabci, kuma mai iko canja shi ake yi da takarda guda. Yaranmu da ke rawar kai a bayan 'yan siyasa lokacin zaɓe, su kalli ƙarshen fim ɗin nan da kyau.

Yanzu mu koma kan ziyara. Wanda zai je Toro kada ya je neman ofishin Rudbeck ko kantin Gollup kamar mai neman kayan tarihi. Fada ba ta taɓa wanzuwa ba. Abin da ya fi daraja a can shi ne mutane. Yau sama da shekara talatin ke nan, saurayin da ya riƙe fartanya a gaban kyamara a lokacin, yanzu dattijo ne mai jikoki. Shi ya kamata a nema. A fara da gaisuwa wurin masu gari, kamar yadda mu ma muke so baƙo ya yi mana, sannan a tambaya: wa ya shiga fim ɗin? Nawa aka biya shi? An taɓa nuna masa abin da aka ɗauka? Waya tana hannun kowa, a naɗi muryarsu da izininsu. Bakin da fim ɗin ya hana su, mai ziyara zai iya ba su. In kuwa hoto ne kawai a kan dutse za a ɗora a Facebook, to mun maimaita abin da muke zargin Beresford da shi.

Tunda hanyar ta Jos ce, akwai tsayawa ta biyu. A Jos Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take da ma'ajiyarta, kuma a cikin kayan hukumar ne aka gano faifan Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976 da aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018. A haɗa fina-finan biyu a kalla. Dukansu labarin mutumin da ya rabu da gida ne, amma a Shaihu Umar da Hausa ake magana, kuma shi mai labarin ne yake ba da labarinsa da bakinsa ga almajiransa. Bambancin ba ya buƙatar dogon bayani.

Wani abin lura, a shekarar da Mister Johnson ya fito, 1990, a ita ce ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa. Ba su da kuɗin Turawa ko kayan aikinsu, amma daga nan masana'anta guda ta tashi. Tambayar da ya kamata mu yi wa masana'antar ita ce, yaushe za ta fito daga falon Kano da Kaduna da Jos ta zo irin garuruwanmu? Ga kasuwar doya ta Agyaragu, ga matan da ke dafa gishiri a Keana, ga unguwa irin tamu inda yaro yake tashi da harshe biyu ko uku. Labari yana nan jibge.

Hukuncina a kan Mister Johnson: a kalle shi, musamman manya da ɗalibai, amma akwai shan giya da rawa a ciki, don haka ba na zaman iyali da ƙananan yara ba ne. A kalle shi da ido biyu, ɗaya a kan Johnson, ɗaya a kan mutanen da ke bayansa da ba a ba su magana ba. Masu niyyar zuwa Toro kuma su tafi da rani, su tafi da goro da littafin rubutu, in sun dawo su kawo wa wannan mujalla abin da dattawan can suka faɗa. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da ku lafiya.