Sana Makki a Zadul Ma'ad: Nazari a kan Babin Ibnul Ƙayyim

A cikin sashen likitanci na Zadul Ma'ad, wanda daga baya aka riƙa bugawa shi kaɗai da sunan Aɗɗibbun Nabawi, Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 Hijira) ya ware babi a kan bushewar ciki. Ya gina shi a kan hadisin Asma'u bint Umais da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya nuna zafin shubrum, tsiron da take wankin ciki da shi, ya kuma yabi ganyen sana. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin, Albani ma ya raunana shi, amma marubucin bai tsaya a nan ba.

Ƙarfin babin yana cikin awo. Ibnul Ƙayyim ya fifita sanan Makka, ya ce shan ruwansa dafaffe ya fi shan garinsa, ya ƙayyade dirhami 3 na ganye ko 5 na ruwan, ya so a dafa shi da zabibi, sannan ya kawo awon Razi wanda ya saɓa da nasa. Wannan aikin likita ne mai tsoron cutarwa, kuma binciken zamani ya gaskata tsoronsa. Sinadarin senosid da ke cikin ganyen yana motsa babban hanji bayan awa 6 zuwa 12, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Sai dai yawan shansa na jawo murɗar ciki da zubar gishirin fotasiyam daga jiki, shi ya sa likitoci ba sa son a wuce mako guda ana sha.

Rauninsa shi ne bai shata iyaka tsakanin nassi da gadon likitocin Girka ba. Cewa sana mai zafi ne kuma busasshe a daraja ta farko, yana fitar da safra'u da sauda'u, lissafin Jalinusu ne, ba wahayi ba. Jerin cututtukan da ya biyo baya, daga waswasi zuwa farfaɗiya, daga wannan rijiya aka ɗebo shi. Ɗalibin da bai san asalin ba zai ɗauka duk daga bakin Manzo ya fito. Abin mamaki, marubucin da kansa ya yi irin wannan rarrabewa a babin zazzaɓi, inda ya keɓe umarnin sanyaya jiki da ruwa ga mutanen Hijaz da makamantansu.

Wannan giɓi ne masu tallan magunguna a tashoshin mota da ƙofofin masallatai suke bi: su riƙe hadisin, su yar da dirhaman. Wani lokaci ma abin da ke cikin ƙullin filasko ne na dajin ƙasar Hausa, ɗan uwan sanan Makka, wanda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, don haka awon littafin ba ya hawa kansa.